Fitilar da Ta Ɓoye wa Malam Rawayar Tawada

Muna idar da sallar asuba muka bar Sakkwato, ni da wani abokina wanda ba ya ƙin tafiya muddin akwai abinci a hanya. A jakata akwai fitila guda ɗaya da na naɗe cikin tawul, kuma saboda ita aka yi tafiyar.

Masu bibiyata sun san ni da haɗa fitilun caji. Aikina na ofis daban ne, wannan ƙaiƙayin hannu ne na Asabar da Lahadi. Don masu kwana a gona da daji na fara yin su. Bara na kai wa wani dattijo ɗaya a Shagari, aminin marigayi mahaifina, malamin allo da ya shekara bakwai yana rubuta Alƙur'ani da hannunsa. Ya taɓa cewa farin hasken fitilun kasuwa yana sukar masa ido, sai na sa masa ƙwayaye masu rawayan haske irin na fitilar ƙwai. Na dawo ina jin na yi abin kirki.

Watan jiya 'yarsa ta kira ni. Ta ce Malam ya ajiye alƙalami, ya ce idonsa ya tafi, alhali saura izu huɗu ya kammala. Zuciyata ba ta yarda ba. Likita ya duba shi da azumi bai ga abin tashin hankali ba, kuma baƙin rubutu yana karanta shi sarai. Na fara zargin fitilata. Na yi mako uku ina fama da dalma da waya, na jera farare da rawayen ƙwayaye a gida ɗaya, na sa abin murzawa irin na rediyo, yadda haske zai tashi daga rawaya zuwa fari a hankali. Sau biyu tana ƙonewa, na uku ta tsaya. Na ce ko a ƙafa ne sai na kai ta.

Ƙaramar bas muka shiga. Kuɗin mota ya sake tashi, kwandasta kuma ya faɗe shi yana murmushi kamar albishir ya kawo. Kaka ta kama, dammunan gero jingine gefen titi, dawa ta sunkuyar da kai. Direban ya san kowane rami da sunansa, amma bai ga dalilin kauce wa ko ɗaya ba, ni kuwa na rungume jaka a ƙirji.

A Bodinga muka sauka karin kumallo, don abokina ya rantse ba zai ƙara taku ba sai ya ga waina. Wainar ta yi, mai zafi da ƙuli da yaji, ga koko mai kauri. A bencin muka haɗu da wani manomin albasa da ke kwana a fadama yana gadin injin ban-ruwansa. Na fito da fitilar na kunna masa a ƙarƙashin rumfa. Da na kai ta fari sai ya ɗaga hannu.

"Maida ta baya, malam. Hwarin ga ƙwari yaka kira. Dud daren da nik kunna irinai, ni da su muka cin tuwo."

Ya ce rawaya yake so in zai zauna, fari kuma in inji ya ƙi tashi yana neman ƙaramin ƙusa a cikin laka. Mutum ɗaya, buƙata biyu. Na rubuta wannan a bayan hannuna da biro, abokina yana dariya wai na zama ɗan jarida.

Daga nan zuwa Shagari ba nisa. Muka wuce garken shanu da masu keke-napep da suka yi lodin buhuna har ba a ganin direba. Hantsi muka isa. Malam yana zaure, ya rame kaɗan. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ni kaina na kwana biyu ban tambaya ba. Aka kawo fura da nono mai sanyi. Ban yi maganar fitila ba sai bayan la'asar, shi ma bai yi maganar ido ba.

A nan na koyi abin da ya kamata in tambaya tun bara. Rubutun Alƙur'ani hawa-hawa ne. Da baƙar tawada ake fara rubuta shafi, a dawo da ja a sa wasula, sannan a bi da rawaya a ɗiga wasu alamomi. Da rana Malam yana karantarwa, yana kuma leƙa gona, don haka tsakanin magariba da isha yake rubutu, sai kuma bayan asuba kafin gari ya waye. Takardarsa ba fara fat ba ce, ta ɗan yi ruwan madara.

"Allah gafarta Malam, me ido yake yi?"

Ya ce, "Rawaya ta ɓace min, ɗana. Ina ɗigawa ban ganin ta. Da sahe in duba, in iske na ɗiga sau biyu wuri guda, wani wurin na tsallake. Maganar Allah ta, ba a yi mata hakanga. Gara in bari."

Warƙa goma sha ɗaya ya ware gefe saboda haka. Ya nuna min su. Kunya ta kama ni har na kasa haɗa ido da shi.

Da aka dawo daga magariba na roƙe shi ya fito da warƙa guda. Na kunna tsohuwar fitilar tukuna. Ni da nake da ƙuruciyar ido, na nemi ɗigon rawaya na rasa, ya narke cikin takarda. Abokina ya karɓa ya duba, shi ma bai gani ba. Sai na kashe ta, na kunna sabuwar a gabansa, na ɗora yatsun Malam a kan abin murzawar, na ce ya juya da kansa.

Ya juya a hankali. Ya wuce har fari fat, ya runtse ido ya ce wannan ya yi tsanani. Ya dawo baya kaɗan, ya tsaya. Ya sunkuya a kan takardar ya daɗe.

"Ga su nan," ya ce. "Dukansu ga su nan. Ashe ba ni na ba."

Na ce, "Laifina ne, Malam. A gafarce ni."

Ya aika cikin gida a kawo masa tawada. Ya tsoma alƙalami ya yi ɗan layi baƙi a jikin fitilar, inda haske ya yi masa laushi don baƙin rubutu. Ya sake murzawa zuwa inda ya tsaya ɗazu, ya ɗiga rawaya a wurin. Sannan ya jawo sabuwar warƙa ya yi bisimilla. Sai da ladan ya kira isha ya ɗago ya sa min albarka, ya haɗa da mahaifina. Na fita alwala da hawaye, ban ɓoye ba.

Mun kwana a Shagari, da safe muka kamo hanya, kafin azahar muna gida. Ban huta ba na sauko da fitilu shida da na gama haɗawa na kwance su duka, kowace sai ta samu abin murzawa kafin ta bar hannuna. Abin da tafiyar nan ta koya min shi ne, na zaɓa wa mutum haske ban tambayi abin da yake kallo ba, kuma da kyakkyawar niyya na yi. Wata takwas bawan Allah nan yana zaune da baƙin cikin makanta shi kaɗai, idonsa kuwa lafiya lau.