Ya'u Makaniki, Ba Aikinka ne Ya Kashe Ka Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kai kuwa Ya'u ka riga mu. Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Sha'aban, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Ya'u Ɗanzomo, makanikin giyar mota da ke bayan tashar Gumel, a hatsarin da ya auku kan hanyar Maigatari. Ni Ɗantsoho ne, direban haya, abokinsa tun muna samari. Na so in rubuta maka addu'a kawai in yi shiru, Ya'u, amma ba a bar ni ba. Ana yawo da magana a gari cewa gyaran da ka yi ne ya kashe ka, kuma maganar ta kai har kunnen mahaifiyarka.

Duk direban da ya taɓa bi ta gaban garejinka ya san muryarka. Kana kwance ƙarƙashin wata motar, da ka ji wani ya canza giya ta yi ƙara, sai ka leƙo da kai ka ce, "Malam, mota ce, ba injin niƙa ba!" Ko ka san mutum ko ba ka san shi ba, duk ɗaya ne a wurinka. Ni kam na sha wannan faɗa har na daina jin zafinsa. Sarkin gaggawa kake ce mini, wai hannuna yana riga ƙafata.

Ban manta wani azumi ba, na ɗauko kankana daga Gagarawa, kuloci ya mutu mini a tsakiyar hanya, rana tana dukan kwalta. Na kira ka ina tsammanin za ka turo janwe. Sai ga ka da kanka a kan babur, bakinka a bushe. Ka duba ka ce gyaran ba na bakin hanya ba ne, amma motar za ta je gida. Ka bar babur ɗinka wajen wani manomi, ka shigo gefena, ka koya mini canza giya ba kuloci: in saurari inji, in ɗaga ƙafa daga totur, in dawo firi, in jira, ita da kanta za ta karɓa. Ina yi kana zagina, har muka shiga Gumel ana kiran magariba. Da kankanar da ta fashe a hanya muka sha ruwa.

Dokarka guda ce, kowa ya san ta. Ba ka miƙa makullin motar da ka gyara sai ka zauna gefen mai ita ya tuƙa ka ga hannunsa. Kana cewa rabin giyar da ake kawo maka lafiyarta ƙalau, direban ne ba shi da lafiya. Wasu suna jin haushi, wasu suna dariya, amma ba wanda ka taɓa ɗaga wa ƙafa.

Sai ga motar nan. Ja ce, ƙirar Amurka, mai ƙofa biyu da silinda takwas, ta shigo ta kan iyaka. In aka tayar da ita har kwanon rufin garejin rawa yake yi. Mai ita Zayyad ne, ɗan Alhaji Shehu, babban dillalin shanu a Maigatari. Ba don zuwa ko'ina ya saye ta ba, don wasan mota ne a bukukuwan abokansa. Kukansa shi ne in yana tafiya a hankali giya tana shiga sumul, amma in ya taka totur inji ya hau sama yana ihu, sai ta ƙi, ta tsaya masa a ƙofa tana gurnani, abokai suna wuce shi suna dariya.

Ba zan ɓoye ba, Ya'u, ka so motar nan. Ka ce mini tun da kake ba ka taɓa sa hannu a inji irin nata ba. Na ce maka ka rabu da ita, wannan ba motar neman abinci ba ce. Ka yi dariya ka ce hassada nake yi don tawa tana tari. Ka sauke giyabos ɗin, ka tarar zobban tagullar da ke daidaita gudun haƙora sun cinye, ka aika Kano aka nemo sababbi. Ka gano kulocin ba ya saki duka in inji ya yi sama, ka sake masa bututu, ka fitar da iska. Ka canza robobin da ke riƙe inji don kada ya murɗe ya karkatar da sandar giya, ka zuba mata man da ya dace. Da ka gama, da yatsa biyu ake sa giyar.

A gabana ka gargaɗi Zayyad. Ka ce masa da can motar tana yi masa gardama, gardamar nan kuwa ita ce take kare shi, yanzu duk inda ya tura ta za ta shiga, ko daidai ko ba daidai ba. Ka nuna masa kada ya damƙe sandar. In zai fita daga ta uku zuwa ta huɗu, ya buɗe tafinsa ya ja ta baya kai tsaye, domin in ya janyo ta wajen cinyarsa ta biyu zai faɗa. Yana danna waya yana cewa ya gane. Ƙanenka Hussaini, da kuke garejin tare, ya ce ka bar gwajin sai Juma'a, yau jajiberin kasuwar Maigatari ne, hanya cike take. Zayyad ya ce akwai biki gobe, yau yake son motarsa. Kai kuma ba ka ba da makulli sai ka zauna a gefe, don haka ka shiga.

Ni na riga ku barin garejin na kama aikina. Ina dawowa daga Maigatari da fasinja na tarar da abin. Layi biyu baƙaƙe a kan kwalta inda tayoyin baya suka ƙulle, motar ta juya ta daki bishiya ta ɓangarenka. Ni na janyo Zayyad, ƙafarsa a karye, yana kuka. Da bakinsa ya faɗa mini, ba wani ya gaya mini ba: "Ta huɗu na nufa, wallahi, hannuna ya ja ta biyu." Na leƙa, ga sandar a ta biyu. Kai kuwa ka riga ka cika.

Kafin gari ya waye labari ya sake riga. Wai giya ce ta kuɓuce, wai makaniki bai ɗaure wani abu ba. Da safiyar Alhamis muka kai ka Ɗanzomo. Bayan an rufe ka, Hussaini ya miƙe kamar yadda aka saba, ya roƙi duk wanda ka ɓata wa ya yafe maka. Jama'a suka amsa ƙasa-ƙasa. Sai Alhaji Shehu ya gyara babbar rigarsa, ya ɗaga murya yadda na baya zai ji, ya ce shi da iyalinsa sun yafe maka motar da ta salwanta da ƙafar ɗansu, ba za su nemi komai ba. Har da masu cewa Allah Ya saka masa da alheri. Haba! Ƙasar kabarinka ko bushewa ba ta yi ba aka ɗora maka laifin wani, kuma da sunan alheri. Na yunƙura, Hussaini ya riƙe mini hannu ya ce maƙabarta ce. Gaskiyarsa ce, na haɗiye maganar.

Daga baya Hussaini ya kwance giyabos ɗin a gaban makanikai da direbobi. Ko haƙori ɗaya bai karye ba, ko noti ɗaya bai kwance ba. Kowa ya gani, kowa ya girgiza kai, kowa ya tafi gida ya ja bakinsa, domin da yawansu shanun Alhaji suke ɗauka. Wasu ma har sun zo sun janye motocinsu daga garejin, wai sun samu wani a Sule Tankarkar. Mutanen da ka kwana ƙarƙashin motocinsu ke nan.

Ran sadakar bakwai Goggo A'i, mahaifiyarka, ta sa aka kira ni. Na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta. Ga buhun shinkafa a jingine, an ce daga gidan Alhaji ne. Ba ta yi kuka ba. Ta ce ta karɓi ƙaddara, mutuwa ba ta ba ta mamaki, abu ɗaya ne ya hana ta barci.

Ta ce, "Ɗantsoho, kai ka je wurin. Ka faɗa mini tsakaninka da Allah. Ha'inci ya yi a aikinsa?"

Na ce, "Goggo, wallahi bai yi ba." Na gaya mata abin da na gani da abin da na ji daga bakin yaron, ban ƙara ba ban rage ba.

Sai ta nuna buhun ta ce in sa shi a motata in mayar. Ta ce in gaya wa Alhaji ta gode, amma ya riƙe yafiyarsa, ɗanta ba ya bukatarta. In ɗansa ya warke, ya tako ya zo ya nemi tata, ƙofarta a buɗe take. Na kai buhun, na isar da saƙon a gaban mutanen da ke zaurensa, kalma bayan kalma. Har yau da nake wannan rubutu ba su zo ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Goggo A'i, da matarka Larai, da 'yarka Jannatu, da Hussaini da ya rage shi kaɗai a garejin, da mutanen Ɗanzomo baki ɗaya. Allah Ya ba su haƙurin da ni na kasa samu. Allah Ya ba Zayyad lafiya, Ya ba shi ƙarfin faɗin abin da ya faɗa mini a bakin hanya.

Kai kuma Ya'u, Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata maka shi, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ɗan Adam ne kai, kana da kurakuranka kamar kowa, Allah Ya gafarta maka su duka. Wannan dai ba ya cikinsu.