Ƙafar Baba Ta Riga Shi

A gidanmu na unguwar Congo-Russia, da an idar da sallar magariba, Iya kakarmu takan hura wuta a kasko da guntayen katakon da Baba ke kawowa daga kasuwar Katako, inda yake sana'a. Sanyin Jos ba ya wasa da yaro, sai mu kewaye ta, kowa na tura ɗan'uwansa.

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa. Wai Addu'a da Magani tagwaye ne, suka yi faɗa a kan wane ne babba, kowa ya kama hanyarsa. Gidan da Addu'a ta shiga ita kaɗai, sai hankalin mara lafiya ya kwanta, amma jiki na ta lalacewa. Inda Magani ya shiga shi kaɗai, ciwo ya lafa, tsoro ya hana mutum barci. Mutuwa kuwa tana biye da su tana tsintar abinta.

Mukan tambaye ta, "To Iya, wa ya ci?"

"Ku dai kun cika son dambe," in ji ta. "Uwarsu ce ta kamo kunnuwansu, ta ce kada ta ƙara ganin ɗaya ba ɗaya."

A lokacin haushi nake ji, labari ba wanda aka kayar.

Na girma ina kallon finafinan asibiti a talabijin, kuma can kullum akwai wanda ake kayarwa. Ko likita ya yi dogon jawabi mai imani ya sunkuyar da kai, ko abin mamaki ya faru likita ya ji kunya. Da ciwon suga ya ci ƙafar Baba, aka ce sai an yanke, irin jawabin nan na je na yi masa. Ya saurare ni har na gama.

"Da ƙafa biyu Allah ya aiko ni," ya ce. "Ba zan koma masa da ɗaya ba, ɗayar a bola."

Na ji tsoro ƙwarai, don ruɓar tana hawa. Likitarsa, wata Kirista 'yar ƙasar nan, ba ta yi musu da shi ba. Ta ja kujera ta zauna.

"Baba, wa ya ce bola? Za mu ba yaranka kafan. Ku kira liman, ku yi yadda addini ya ce."

Haka aka yi. Yayyena suka naɗe ƙafar a farin ƙyalle, suka kai maƙabarta suka binne, Baba kuma ya sha rubutunsa, ya sha magungunansa. Sai a lokacin na gane ba aikin yake tsoro ba, wulaƙanci yake gudu, ni kuwa na zo kayar da shi.

Yau da sanda yake zuwa masallaci. In an yi masa jaje, sai ya ce, "Ai ba ta ɓata ba. Gaba ta yi, tana jirana."