Filafili Mai Faɗi da Kaskon Wuta

A shekarun da Sarkin Musulmi ke zaune a Wurno, fito nake yi a gulbin Rima tare da kawuna. Jirgin nashi ne, na maɗaci. Shekara tara ina zaune a tsakiya ina kwalfe ruwa, shi yana baya yana tuƙi. Na yi aure har da ɗiya, amma ban taɓa zama wurin mai tuƙi ba.

Tsarin Kawu bai da yawa. Kaya a tsakiya, mai tuƙi a baya, kaskon wuta a goshin jirgi. A kaskon muke sa busasshen kashin shanu, hayaƙinsa ya kori ƙudaje masu cizo da ke cika fadama da damina. Ban taɓa tambayar abin da ya sa sai a goshi ba. Haka na tarar.

Abin da na raina shi ne filafilinsa. Siriri ne kamar ganyen dawa, shi ya sa jirginmu ke tafiya kamar mai jin barci. Da rani na samu itacen kanya na sassaƙa nawa. Na fara da gizago, na bi da wuƙa, na goge da yashi, sannan na shafe shi da man shanu. Faɗinsa tafi biyu, na kuma rarake cikinsa kaɗan kamar ludayi don ya kamo ruwa da yawa.

Kawu ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Wanga hilahili na, ko ƙyauren ɗaki?"

Na ce, "Sai ya shiga ruwa, Kawu."

Da ruwa ya cika fadama, wani tsohon masaƙi ya zo daga Rabah da ɗaurin farin saƙi guda huɗu. Zai kai wa wani maɗinki a Goronyo wanda ba ya karɓar farin da ya yi dauɗa. Ya naɗe su a tabarma, ya bar bakunan a buɗe don kada su yi gumi. Kawu ya dube ni, ya ce, "Yau kai ka tuƙi. In mai kaya ya sauka bai yi ƙorahi ba, jirgi ya zama naka. In ya yi, ka koma ma ƙwaryarka ta kwalhe ruwa. Ni ba ni cewa komi sai mun isa."

Munka tashi da hantsi. Iska na bin mu daga baya a hankali, yadda ta saba a wannan lokaci in za a yi gabas. Da munka fita daga ciyawa zuwa ruwa mai zurfi, na aje gorar tura jirgi na ɗauki filafilina. Tuƙi uku kawai na yi jirgin ya zabura. Masunta da ke jefa birgi sunka tsaya suna kallonmu. Na ji daɗi ƙwarai, ban ɓoye ba.

Sai masaƙin ya yi tari. Ya sake yi. Ni ma idona ya fara ruwa. Na duba, ga hayaƙin kasko ya kwanto ta kan farin saƙi, ta kan Kawu, har zuwa fuskata.

A nan na gane abin da shekara tara ba su koya mini ba. Tafiyar Kawu ba ta kai ta iska ba, saboda haka iska ke ɗaukar hayaƙin ta yi gaba da shi. Ni kuwa na wuce iskar, jirgin yana kutsawa cikin hayaƙinsa.

Masaƙin ya rungume ɗaurinsa, ya ce, "Samari, saƙi ni kawo, ba kihi ba. Banda za ka yi min?"

Na ce, "Baba, bari in kashe wutar."

"Ka kashe, ƙudajen ga su cinye ni da rai? A'a. Wuta ta tsaya."

Na dubi Kawu. Yana goge hawaye da hannun riga, bakinsa a rufe kamar yadda ya yi alkawari.

Rage tafiya shi ne mafi sauƙi, amma raina bai yarda in yi haka a gaban masunta ba. Na ce wa masaƙin ya miƙo kaskon. Ya miƙa wa Kawu, Kawu ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Na aje shi bayana, a ƙarshen jirgi, na ci gaba da tuƙi. Hayaƙin ya bi sawunmu a kan ruwa, fari ya tsira. Gudun da muke yi ma ya hana ƙudajen sauka.

Na ɗauka na gama dabara. Can hannuna ya fara nauyi, don filafili mai faɗi yadda yake kamo ruwa haka yake kamo kafaɗa. Na ɗan sassauta. Nan take iska ta cim mana, ta turo hayaƙin ta bisa kaina zuwa kan kayan.

Masaƙin ya ce, "Ga shi nan ya dawo, ɗana. Tuƙa."

Na tuƙa. Daga hantsi har rana ta take tsaka ban huta ba. In na tsaya shan ruwa sai in ji, "Tuƙa." Zafin kasko na gasa mini baya, har gefen rigata ya babbake. Shi kuwa tsohon ya samu wuri, ya kwance goro yana ci, yana ba Kawu labarin tsadar auduga, yana leƙen bayana kamar mai tsaron tukunya. Sai da munka shiga inda gaɓa ta tare iska na koma ga gora.

A bakin ruwan Goronyo masaƙin ya kwance ɗauri ɗaya bayan ɗaya. Ya duba, ya sansana. Na bisa ya ɗan yi wari, amma launi bai taɓu ba. Ya ce zai shanya shi ya sha iska. Sannan ya ce wa Kawu, "Ban taɓa isowa da wuri haka ba. Yaron ga dai a ba shi hura, ya kusa mutuwa."

Kawu ya jira har ya tafi. Ya ce, "Bai yi ƙorahi ba. Jirgi naka na. Ƙyauren ma naka na, ba mai roƙonka aro."

Kwana uku matata ke ɗaga mini hannu in sa riga. A rana ta huɗu na ɗauki wuƙa na rage wa filafilin yatsa biyu ta kowane gefe. Kaskon kuma tun daga ranar bai da mazauni ɗaya a jirgina. Kafin in kwance igiya sai na watsa ƙasa sama na ga inda iska ta nufa, sannan in aje shi.