Sunana da na'ura ke sharewa

Ku matso kusa, ku ajiye hirarku, ku ba ni kunne. Abin da zan faɗa ni ya samu, da girmana da furfurata.

Ina da 'yar gayauna a bayan gari, wadda maigidana ya bar mini kafin Allah ya karɓi abinsa. Ƙasarmu ta nan ta gaji. Ba a barinta ta huta ko damina ɗaya, don babu inda za a koma, gona na jingine da gona har Dawanau. In ba ka ba ta taki ba, dawa sai ta tsaya iya gwiwa, ta yi ɗorawa, tana kallonka.

Shekarar da wata ƙungiya ta kawo tallafin takin zamani, aka ce kowa ya je firamare a rubuta shi. Muka tafi ni da jikata, 'yar babban ɗana, wadda ta dawo gida tun rasuwar mijinta tana noma nata yankin. Ita ta riga ni shiga. Malamin rajista ya tambayi sunana na yanka, na faɗa. Ya tambayi maigida, na ce ɗana. Ya nemi lamba, na ba shi ta ɗana, don waya ɗaya ce a gidan.

Ya danna kwamfutarsa ya ce, "Shi ke nan, Inna, kin shiga."

Ranar rabo da lambar katin da aka ba kowa ake kira, aka kira jikata, aka kira maƙwabta, har rana ta karkata ba a kira ni ba. Malam ya duba sama ya duba ƙasa ya ce babu ni. Ya sake rubuta ni, ya juyo kwamfutar ya nuna mini, ko da yake ni rubutu duk tafiyar tururuwa ne a idona. Bayan sati biyu na koma, babu ni. Ya rubuta na uku, na uku ma ya bi 'yan'uwansa.

Ya ce, "Inna, anya ba ki da mutanen ɓoye?"

Na ce, "Malam, ko ina da su, ba sa cin taki."

Ya yi dariya, ni ban yi ba. An riga an yi shuka, hadari na haɗuwa kullum la'asar.

Da ƙorafi ya yi yawa, sai ƙungiyar ta turo wata injiniya daga ofishinsu na wajen Rijiyar Zaki, yarinya mai ladabi, da gilashi a ido. Ta zauna a tabarma a zaurenmu, ta tambaye ni, ta tambayi jikata. Da ta ji sunanmu na yanka sai ta ajiye biro.

Ta ce, "Hajiya, sunanku ɗaya?"

To, sunana ɗana ya sa mata. Amma wane ɗa ne zai buɗe baki ya kira sunan uwarsa a tsakar gida? Tun ranar suna ake ce mata Inna Ƙarama, har mu kanmu mun manta takwarata ce.

Injiniyar ta yi mini bayani a hankali. Ta ce sunayenmu duk suna cikin wani rumbu na kwamfuta. Tun farko an sami waɗanda aka rubuta sau biyu, sai wani ma'aikacinsu ya rubuta wa na'urar umarni: duk inda suna da maigida da lamba suka zo ɗaya, ta bar na farko ta share na biyu. Sau ɗaya aka so ya yi aiki, kamar sharar gida ranar biki. Amma ya ɗaura shi a jerin ayyukan da na'urar ke yi da kanta duk sanda suka sabunta manhajarsu, kuma sukan sabunta ta kusan kowane sati. Shi ya bar ƙungiyar, tsintsiyarsa na nan tana shara.

Na ce, "To 'yata, ki karɓe tsintsiyar mana."

Ta ce ba ta da izini. Sai ta rubuta, wani ya duba, wani ya gwada, shugaba ya sa hannu, kuma lokacin rabo ba a taɓa komai don kada a ɓata na dubban mutane. Mafi sauƙi in sayi layin waya nawa na kaina.

Ɗana ya goya ni a babur har Bacirawa. Mai sayar da layi ya ce sai katin ɗan ƙasa. Masu katin suka ce in ɗora yatsa a gilashi. Na ɗora babba, na ɗora manuni, na ɗora goman duka. Fartanya da taɓarya sun cinye zanen, na'urar ba ta ga komai ba. Aka ce in shafa mai in dawo. Na shafa, na dawo, haka nan.

Jikata ta ce a cire ta a bar ni. Na hana. Marayu uku take ci da su.

Sai ta ɗauko buhun takinta ta zazzage a tabarma, ta raba da kwano. "Ɗaya naki, ɗaya nawa, tsohuwa mai kwashe wa mutane suna."

Na ce, "Ja'ira, wa ya riga wani?"

Rabin buhu bai ishi kowacce ba. Dawarta ta yi dama-dama, tawa ta yi kawuna ƙanana kamar na gero.

Malamin rajista an mayar da shi wata ƙaramar hukuma. Injiniyar ta kira ɗana bayan girbi ta ce takardarta na gaban shugaba, daga baya muka ji ta sami aiki a Abuja. Ɗana ya sayi akuya biyu don in riƙa samun takin gida. Jikata na nan, ana kiranta duk ranar rabo, tana amsawa da sunana. Ni kuwa bana ma na je an rubuta ni, sabon malami ya ce in dawo bayan sati biyu.