Jif ɗin da ta fi ƙofarta tsawo

Har gobe ban manta da ranar da jif ɗinmu ta ƙi fita daga garejinta ba. Ku da kuka kama aiki yanzu ba ku san ta ba. Zamanin farar hula ne, daminar da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Ni ce ƙarama a asibitin Bodinga: shara, dafa allurai, da riƙe yara idan za a yi musu allura. Sama da ni direba Ɗanjumma, sama da kowa Malam Sani, malamin asibiti.

Ɗana Basiru yana Horo Birni wurin innata, na kai shi yaye. Sai labari ya zo ƙyanda ta shiga garin. Barci ya ƙaurace mini. Aka ce mu kai musu rigakafi. Maganin kuwa cikin akwatin ƙanƙara ake kai shi. In ƙanƙara ta narke, magani ya zama ruwa.

Hanya duk laka, jif tana kafewa, kayan gyara babu. Mamman bakanike ya ce zai ɗaga ta. Ya sa mata tayoyin wata matacciyar tarakta, ya ƙara sifirin na babbar mota, ya ɗaura mata bututun injin ban ruwan albasa har sama, wai ko cikin gulbi za ta sha iska. Duk a cikin gareji ya yi, ƙofa kulle, saboda masu kwance kayan mota.

Ranar tafiya Ɗanjumma ya tashe ta. Tana matsawa kanta ya daki saman ƙofa, ƙum!

Malam Sani ya ce, "Mamman, ba ka auna ƙofa ba?"

"Ranka shi daɗe, mota anka ce in gyara, ba ƙofa ba."

Aka ce a sace iskar tayoyin. Mamman ya ce famfon da ke cika irinsu yana Sakkwato. Aka ce a fasa bango. Malam Sani ya ce ginin gwamnati ne, sai bayan ransa. Sai aka loda buhunan albasa don ta lotsa, aka kira Sarkin Fawa ya zauna a kai. Sifirin ko gezau. Ya sauko da fushi yana cewa ba a taɓa raina nauyinsa haka ba.

Ni kuwa sai leƙa akwati nake yi. Malam Sani ya ce, "Hadiza, wagga buɗewa taki ita ka narkar da ƙanƙara!" Na zauna a kan murfin.

Can Mamman ya ce, "Ranka shi daɗe, ƙasa fa? Ita ma ta gwamnati ce?"

Malam Sani ya daɗe yana shafa gemu. "Ƙasa ta Allah ce."

Aka kawo fartanya da diga, aka haƙa rami daga ƙarƙashin tayoyi har waje. Ana gamawa ruwa ya kece, rami ya cika. Haka jif ta ƙetare gulbinta na farko a bakin ƙofarta, Mamman yana rawa cikin ruwa yana ihu, "Kun ga aikin bututu!"

Da tsani muka hau. Ta ratsa laka tana rangaji kamar raƙumi. Sai da muka isa Horo Birni muka tuna tsani yana jingine a Bodinga.

Na ce mu dira. Malam Sani ya leƙa ƙasa, ya dubi taron jama'a, ya ce, "Ma'aikacin gwamnati ba shi tsalle gaban talakawa."

Na buɗe akwati, ƙanƙara saura kamar ƙwarar goro. Na ƙwalla wa matan kira, "Ku miƙo ɗiya sama!" Wani dogon Bafillatani ya tsaya jikin taya, yana karɓa yana miƙo mini, Malam Sani yana soka allura, a sauke, a miƙo wani. Ina cikin karɓa na ji wuyan da na sani a hannuna. Basiru. Bai ma gane ni ba, ya gartsa mini cizo. Na matse shi har allura ta shiga, sannan na yi kukana.

Ƙyanda ta wuce shi. Abin da aikin nan ya koya mini: mutanenmu ba sa rasa dabara, sai dai dabara ɗaya takan haifi ramuka uku. In za ku ɗaga mota, ku fara auna ƙofa. Tsani kuma, ku ɗaure shi a jikinta.