Sunan da Hammadu Bai Kira Ba

Duk wanda ya tashi a Kahu ya san muryar Hammadu Lasifika tun kafin ya san fuskarsa. Siririn mutum ne, jikan Fulanin da suka daɗe da jingine sanda suka kama fartanya. Da damina ba ka jin ɗuriyarsa, yana can cikin masara da gyaɗa. Amma da zarar an kai amfani gida, samari sun share filin ƙwallo, sai a ɗaure lasifika a jikin darbejiya, a jona ta da batirin mota, a miƙa wa Hammadu makirufo ya yi sharhin wasa.

Shi kansa bai taɓa buga ƙwallo ba, ko gwangwani ya shura sai ya kuskure. Baki Allah ya ba shi. Ba ruwansa da lambar riga, kowane yaro sai ya kira sunansa da na ubansa da sana'ar gidansu. Za ka ji ya ce, "Ga ɗan gidan mai tsire nan ya yanka ta, gado ne." Mata na tuƙa tuwo a cikin gida suna jin sunayen 'ya'yansu na tsallako katanga. Akwai yaran da ba kofi suke wa gudu ba, so suke Hammadu ya ambace su uwarsu ta ji.

Yaro ɗaya ne bai taɓa samun wannan ba, shi ne Uzairu, ɗan Hammadu na fari. A gidansu ba a kiran sunan ɗan fari, kunya ce da suka gada kaka da kakanni. Uwarsa Jummai ma "wancan" take ce masa. Sai kuma Allah ya yi yaron da ƙafa. Idan ya ɗauki ƙwallo ta gefen hagu, ya karkace kafaɗa ɗaya kamar mai ɗauke da tulu, to sai dai 'yan baya su bi shi da kallo. Ya zura a raga, fili ya kaure da ihu, uban kuwa sai ya gyara murya ya ce, "To, yaron nan ya ci. A dawo tsakiya." Mutane su yi dariya, dattawa su yaba da kunyarsa. In za a faɗi gaskiya, Hammadu ya ji daɗin yabon nan fiye da yadda ya kamata.

Uzairu ba zai iya tarar ubansa da maganar ba, sai ya bi ta hannun Malam Sallau, aminin Hammadu kuma shugaban kwamitin wasa.

"Kawu Sallau," in ji shi, kansa a sunkuye, "don Allah ka ce wa Baffa ko sau ɗaya ne ya faɗi sunana. Kowa ana kiransa."

Sallau ya isar da saƙo. Hammadu ya yi dariya ya ce, "Haba Sallau, a gaban jama'a? Ka ce masa ya bari sai ranar da suka ɗauko kofi, sannan na duba."

Ba su ɗauko kofin ba a shekarar. Da damina ta yi tsaka zazzaɓi ya kayar da Uzairu, aka kai shi asibiti a Rano, a can Allah ya karɓi abinsa. Ko a zaman makoki "yaron nan" Hammadu yake cewa.

An zaci zai ajiye makirufo, bai ajiye ba. A bakin fili ne kawai yake jin kamar yaron bai yi nisa ba. Shekaru suka ja, yanar ido ta fara rufe masa gani, ya ɓoye wa kowa. Da yake ya san gudun kowane yaro, da shi yake gane su, amma kuskure ya soma yawa, yara na ƙyafta wa juna ido.

Ana nan sai labari ya zo cewa wani gidan rediyo daga Kano zai watsa wasan ƙarshe na kofin mazaɓu kai tsaye, kuma an bar wa kwamiti ya zaɓo gwanin sharhi ɗaya daga yankin, wanda daga nan shi zai riƙe makirufon gasar. Aka ce za a gwada masu nema a wasan Kahu da Rurum Sabon Gari, a filin Kahu, kowa ya karɓa ya yi nasa. Cikinsu har da Adnan, wani matashi mai zaƙin murya da ya haddace salon masu sharhin rediyo.

Sallau ya ja amininsa gefe ya ce, "Hammadu, ka bar wa yara. Idon nan naka ni dai ba ka ɓoye min ba."

"Idona ƙalau," in ji Hammadu. Sannan ya ce, "In na ajiye wannan, me zan riƙe?"

Shi aka bai wa na ƙarshe, rana ta sunkuyo tana dukan fuskarsa. Da farko ya yi abin da ya saba, har tsofaffi na gyaɗa kai. Can sai wani yaro ya karɓi ƙwallo ta gefen hagu. Hammadu ba ya ganin launin riga, ba ya ganin fuska, inuwa kawai ya gani tana gudu, kafaɗa ɗaya a karkace. Bai san lokacin da ya miƙe tsaye ba.

"Uzairu ne! Uzairu ɗan Hammadu, Uzairu na Jummai, ya wuce ɗaya, ya wuce biyu, ku ba shi hanya, ɗana ne, jama'a, ɗana ne. Ta shiga!"

Ƙwallo kam ta shiga, amma a ragar Kahu. Yaron Sadisu ne sunansa, ɗan Rurum, ya tsaya yana waige-waige, bai san wa ake kira ba. 'Yan Rurum suka fara murna, suka ga mutanen gari sun yi tsit, su ma suka yi sanyi. Sallau ya sa hannun riga ya rufe fuska. Hammadu ya daɗe a tsaye, lasifika na fitar da numfashinsa, sannan ya laluba ya ajiye makirufo a kan benci a hankali. Adnan kwamiti ya zaɓa, kuma ba wanda ya ce an yi rashin adalci, har shi Hammadun.

Bai jira an tashi ba ya kama hanyar gida. Ya tarar da Jummai zaune a bakin murhu, muciya a hannunta, tuwo ya kama yana ƙauri ba ta sauke ba. Daga gidansu ana jin lasifikar fili tar.

"Malam, na ji," in ji ta.

"Kuskure na yi. Ɗan Rurum ne."

"Na sani."

Ya zauna a kan turmi, ya rasa inda zai sa hannunsa. Baƙin ciki ya kama shi, ba na makirufo ba, wannan ya riga ya manta da shi. Ya ce, "Sau ɗaya ya roƙa, Jummai. Na ce ya jira."

Ta share ido da gefen zane, ba ta kalle shi ba, ta ce, "Sake faɗa min, Malam. Ni har yau na kasa."

Hammadu ya buɗe baki. Muryar da ake ji har bayan gari ta fito 'yar ƙarama, da ƙyar ta kai bakin murhu.

"Uzairu," ya ce.