Haɓa Ta Gaida Ƙirji

A gidanmu na Akurba komai da ƙa'idarsa, har tatsuniya. Da farko a idar da sallar magariba. Sannan Kaka ta tura doya cikin garwashi a tsakar gida. Na uku, in lokacin zafi ne, mu jikokinta mu jeru daga babba zuwa ƙarami, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya.

"Haɓa ta gaida ƙirji," in ji ta. Kowa ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirjinsa. "Kai Audu, sarkin wayo, sake! Wannan ai gaisuwar 'yan kasuwa ce." Mu kwashe da dariya. Mun ɗauka ladabin sauraren tatsuniya ne.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta wani baƙo mai girman kai da bai taɓa duƙa wa kowa ba. Da zafi yake yawo, kuma ya fi son ɗakin da mutane suka cunkushe. Duk wanda ya sauke shi, wuyansa sai ya sandare kamar na baƙon. Gari ya rasa dabara, sai wata yarinya ta ce a rage tsawon ƙofofi. Aka rage. Baƙo ya zo, ya ƙi duƙawa, ya gwara goshi, ya juya.

"Ya mutu, Kaka?"

"Ya dai yi gaba. Ku ci doya."

Sai bayan rasuwarta mahaifiyata ta gaya mini cewa sanƙarau ne ya ɗauke wa Kaka ɗanta na fari cikin kwana biyu. Ashe wuyanmu take dubawa.

Bana 'yata Hauwa za ta makarantar kwana, inda ake kwana da yawa a ɗaki guda. Na ce ba ta ɗaukar akwati sai an yi mata rigakafin sanƙarau.

"Baba, lafiyata lau fa. Ni jaririya ce?"

"Da zan tafi Hajji, da furfurata aka tsira mini allurar."

Ta turo baki. Na zaunar da ita, na ba ta labarin baƙon tun daga farko. Na ce gwajin Kaka yana gano baƙo ne bayan ya shiga gida. Allura kuwa ita ce gajeriyar ƙofar, wadda Kaka ba ta samu ba sai a tatsuniya.

Washegari muka je asibiti. Ta runtse ido, aka yi. Muna cikin keke za mu koma gida, sai ta sunkuyar da kai har haɓa ta taɓa ƙirji.

"Lafiya?" na tambaye ta.

"Kaka nake gaisarwa."